Bakin Aku Ba Na Magana Kaɗai Ba Ne

Duk wanda ya zare kuɗinsa ya sayi aku, magana ya saya. So yake ya ji tsuntsu yana amsa sallama, yana kiran yara da sunayensu, yana kwaikwayon tarin maigida ko ƙarar wayar salula har a ruɗe. Sha'awar tsohuwa ce a ƙasar Hausa, kuma Alhaji Abubakar Imam ya ƙara mata armashi da Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1937, inda aku ya yi ta zuba hikayoyi har ya samu wazirci. Sai dai kafin akun gaske ya kama kalma ɗaya akan yi wata da watanni, wani ma har ya tsufa bai ce uffan ba. Abin da yake farawa da shi tun ranar da aka shigo da shi gida shi ne gwaguya. Yau bakin tabarma ya zare, gobe zaren carbi ya tsinke 'ya'yan sun watse, jibi a tarar da cajar waya ta rabu gida biyu. Kafin sati ya zagayo uwargida ta fara cewa, "Malam, ko dai ka san yadda za ka yi da tsuntsun nan, ko kuwa ya bar mana gida."

Tana da gaskiyarta. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Babu dukan da zai raba aku da gwaguya. Abu ɗaya ne a hannun mai kiwo: ya zaɓa wa tsuntsun abin da zai gwaguya tun kafin tsuntsun ya zaɓa wa kansa.

A yankin Gandi, Rabah, Wurno da Goronyo na ƙasar Sakkwato, galibi iri uku ne ke shiga keji. Akwai tsirya mai doguwar jela, koriya shar, wadda namijinta ke da zobe a wuya. Ita ce ke ratsa sama a garke da tsiwa, ta sauka kan dawa da gero in sun nuna. Akwai gajeren nan mai kai ruwan toka, koren baya da ciki ruwan ɗorawa, wanda Turawa ke jingina wa ƙasar Senegal. Tsawonsa kamar santimita 23 ne, nauyinsa gram 120 zuwa 170, amma ƙarfin bakinsa ya fi girman jikinsa nesa ba kusa ba. Waɗannan biyu tsuntsayen dajin Arewa ne. Na ukun, babban aku ruwan toka mai jan bindi, wanda aka fi so saboda iya magana, baƙo ne a nan. Gidansa kurmin kudancin Nijeriya, Kamaru da Kwango, nauyinsa ya kai gram 400, kuma in ya samu kulawa yakan yi shekara 40 zuwa 60. Wato wanda ya saye shi yana magidanci, mai yiwuwa ne magada su raba gado da akun a cikin kaya. Dukkansu uku magwaguya ne, girman ɓarnar ne kawai ya bambanta.

Kafin a yanke wa aku hukunci ya kamata a san irin bakin da Allah Ya ba shi. Daga ciki ƙashi ne mai jini da jijiyoyi, daga waje kuma rufi ne mai tauri, irin abin da aka yi farcen mutum da ƙahon saniya da shi. Wannan rufi ba ya daina tsiro muddin tsuntsun na numfashi, don haka dole ya riƙa goga shi da abu mai tauri yana cinyewa. In bai samu ba, bakin ya zarce ya lanƙwashe har cin abinci ya gagara. Mu muƙamuƙin ƙasa ne kawai ke mana motsi, shi kuwa na saman ma yana da gaɓa a inda ya haɗu da ƙoƙon kai, yana ɗagawa yana saukewa. Shi ya sa bakin da ke fasa ƙwallo mai tauri shi ne kuma ke ɓare ƙwayar gero ɗaya tal bai murƙushe ta ba. A tsinin bakin akwai jijiyoyin ji masu yawa, ga harshe mai kauri da yake juya abu da shi yana latsawa. Da su yake gane taushi da tauri, ɗanye da nunanne. Yatsun ƙafarsa biyu ne a gaba, biyu a baya, sai ya riƙe abu da ƙafa ɗaya ya kai baki. Wasu masu bincike a Amurka sun nuna a 2022 cewa idan yana hawa, bakin nasa aikin ƙafa ta uku yake yi, da shi yake jan jikinsa sama. Mai irin wannan halitta in ya ga sabon abu, so yake ya san abin da ke ciki, kuma ba shi da hanyar sani sai ya fasa.

A daji bakin nan ba ya hutawa. Da sanyin safiya garke ke barin makwanci, a nufi inda ɓaure ya nuna, ko kaɗanya, ko ɗorawa, ko 'ya'yan gawo da tsamiya. In kaka ta yi kuma a faɗa gonakin dawa, wannan manomi ba ya bukatar a ba shi labari. Kowace loma sai an ɓare, an fasa, an ƙwaƙule. Wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bishiyar da suka sauka ya ga yawan abin da suke gutsura su zubar. Idan lokacin ƙwai ya zo, kogon itace suke nema, su gyara shi da baki, su gwaguye cikinsa ya zama shimfiɗa. Awoyi da dama na yininsu a wannan aiki suke tafiya. To ɗauko tsuntsun nan ka sa a keji, ka zuba masa ɓararriyar gyaɗa a gwangwani. Kafin ka gama shan kunu ya ƙoshi. Sauran yinin fa? Ƙarfin baki na nan, wayo na nan, aiki babu. Abin da ya fi kusa da shi, shi zai sha wahala.

Dabarun da aka saba gwadawa kusan duk ba sa aiki. Masu shafa barkono a jikin abin da ba sa so a taɓa, asarar barkono suke yi: sinadarin da ke sa mu jin yaji ba ya kama jijiyoyin tsuntsu, aku sai ya cinye barkono tas yana neman ƙari. Masu tsawa kuma ba su san shi tsuntsun hayaniya ba ne. In ya ciji takalmi gida ya kaure da ihu, kowa ya taso a guje, ai ya gano hanyar tara jama'a, gobe ma zai maimaita. Ɗalli a baki da duka da tsumagiya tsoron hannu suke koya masa, daga nan kuma sai cizo. Hukuncin da aka yi masa bayan an dawo daga kasuwa an tarar da ta'adi kuwa, bai ma san na mene ne ba.

Mafi muni shi ne yanke baki. Wani ya ga masu gidan gona suna rage wa kajin turawa baki don kada su riƙa saran juna, sai ya ɗauko reza ko almakashi ya ce zai yi wa aku haka. Ciki fa akwai jini da jijiya. Ban da azabar da zai sha, tsuntsu ne da ba ya haɗiye ƙwaya sai ya ɓare ta, don haka lalata masa baki daidai yake da hana shi abinci. Idan baki ya yi tsawo fiye da ƙima alhali yana samun abin gwaguya, sau da yawa alamar ciwo ce, ko hanta ta taɓu saboda yawan abinci mai maiƙo irin gyaɗa, ko wata cutar baki da gashi ta kama shi. Wannan aikin likitan dabbobi ne. Sai kuma masu kulle shi a keji dare da rana, a lulluɓe da zane. Tabarma dai ta tsira, amma bakin zai juya kan mai shi: ya fara tsige gashin ƙirjinsa, ya bi cinyoyi, har ya zama abin tausayi. Babban aku mai jan bindi ya fi saurin faɗawa cikin wannan hali, kuma in ya saba, raba shi da shi sai an sha fama.

A ganina asarar tabarma da hula ita ce ƙaramar magana. Babbar ita ce abin da gwaguya ke iya jawo wa tsuntsun, har ma da gidan baki ɗaya.

Mu fara da wayar wuta. Gidaje da yawa a garuruwanmu yanzu da sola suke haske da caji, kuma wayoyin a fili suke, daga faranti zuwa batir, a manne da bango ko a rataye a azara. Robar da ke jikinsu taushi gare ta, irin wadda aku ke so. Wutar gwamnati ko ta janareta nan take za ta iya kashe shi. Ta batirin sola ba lallai ta ja shi ba, amma in ya feɗe wayoyi biyu suka haɗu, sai su yi ja su narke. A ɗaki mai katifa da labule, ko mai rufin ciyawa, a tsakiyar hunturu, kowa ya san abin da zai biyo baya. A zura wayoyi cikin bututun roba mai kauri, ko a hana shi shiga ɗakin da suke kwata-kwata. Caja kuma in an gama da ita a cire a jefa a aljihun tebur.

Sai dalma, wadda mutanen wannan yanki ba su manta da ita ba tun 2010, lokacin da gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, maƙwabciyarmu. Abin da ya yi wa yaro haka, ɗan gutsurensa ya ishi tsuntsu mai nauyin gram 150. Kuma dalma tana da taushi, baki na shiga jikinta, shi ya sa aku ke jin daɗin taunarta. Ina take a gida? Tana kawunan batirin mota da na sola. Tana cikin liƙin da masu gyaran rediyo da waya ke yi. Tana cikin wani tsohon fentin mai na ƙofa da taga. A gidajen masunta na bakin madatsar Goronyo da gulbin Rima, tana jikin birgi, ita ce nauyin da ke sa shi nutsewa. Tana kuma inda ba a zato, wato tozalin dutse na ɗakin mata. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoto a 2012 kan wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston, wanda aka auna kwallin da ake sa masa aka samu sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Wannan darasi ne ga iyaye tun kafin a zo kan aku. Amma tandun tozali mai ƙyalli da aka bari a bakin taga, shi ma zai ja hankalin tsuntsu.

Ƙanwar dalma a wajen illa ita ce zinki, farin ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi, wayar kaji, bokitin ƙarfe da wasu ƙusoshi da shi don kada su yi tsatsa. Yawancin kejin da ake haɗawa a gida da wayar kaji ake yi, aku kuma yini yake yana hawa da sauka a jikinta da baki, yana lasa yana ɓantarar guntayen da suka daskare a mahaɗa. Sabuwar waya ta fi haɗari. Goge ta da buroshi da ruwan tsami yana rage abin, ba ya kawar da shi. Batirin tocila, zif da wasu maɓallan ƙarfe duk suna cikin wannan sahu.

Zare da roba ma ba a raina su. Soson katifa, leda, zaren gidan sauro da na bakin darduma, in ya haɗiye su ba sa narkewa. Sai su dunƙule a jakar wuyansa inda abinci ke fara taruwa, ko a ƙundu, su toshe hanya. Gidan sauro ga shi kuma da magani a jiki. Kan ashana da guntun maganin sauro na kunnawa guba ne kai tsaye.

A ɓangaren abinci, son da ake masa ne ke cutar da shi. Dattijo na zaune a zaure yana cin goro, aku na kafaɗarsa, sai ya ɓantaro ya miƙa masa. Abin da ke cikin goro mai hana mutum barci, bugun zuciya yake hargitsa wa tsuntsu. Shayi ma haka. Wurno da Goronyo ƙasar albasa da tafarnuwa ce, a lokacin girbi ko'ina ka duba a tsakar gida su ne a shanye, kuma yawan cinsu na lalata ƙwayoyin jinin tsuntsu. Piya kan kashe shi. Miya mai gishiri da magi ba tasa ba ce. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana taɓa hanta da huhu. Hatsin da aka jefa wa ƙwayar maganin ƙwari a buhu, ko aka yayyafa wa fiya-fiya, kada ya kusance shi. Daga cikin tsire-tsire kuma, duk mai farin ruwa a yi nesa da shi, tumfafiya da aguwar da ake shinge da ita su ne kan gaba. Haka zurma, bini-da-zugu da zaƙami. Katakon da aka shafa wa baƙin mai don gara shi ma ba na keji ba ne. Tun da an zo nan, bari in ƙara da abin da ba gwaguya ba amma yana kashe su da yawa: huhun tsuntsu ba ya jure hayaƙi. Turaren wuta a rufaffen ɗaki, feshin maganin sauro, da tururin kaskon zamani mara kamu idan ya ƙone a wuta, kowannensu na iya kayar da shi daga kan sanda.

To me za a ba shi? A nan ne mutumin Gandi ya fi mutumin Landan sa'a. Can sai an shiga kanti an sayi guntayen katako da igiyoyi da kuɗi masu yawa don aku ya lalata. Nan abin da ake bukata yana jibge a bayan gida. Karan dawa da na gero ya fi komai dacewa da tsirya da gajeren aku: ɓawonsa na da ɗan tauri, cikinsa taushi, sai su yini suna tsagawa. Zangarniyar gero ko ta dawa, a rataye ta sukutum ba tare da an sussuke ba, abinci ce kuma aiki ce. Totuwar masara da ɓawonta, busassu marasa fumfuna. Kaba, a yage ta a ƙuƙƙulla. Ƙwallon goruba, wanda babban aku zai daɗe yana fama da shi. 'Ya'yan kuka, a kankare ƙaiƙayin bayan, a ɗan fasa bakinsu a bar wa akun sauran aikin. Tsamiya da ɓawonta. Gutsuren rake, amma a ɗauke ragowar kafin dare don kada ya yi tsami ya tara ƙuda. Ɗanyun rassan zogale, gwaiba, tsamiya da magarya da aka cire wa ƙaya, da ganyensu da ɓawonsu, domin ɓare ɓawon shi ne rabin daɗin. Sharaɗi dai a tabbata ba a yi musu feshi ba, wanda a gonakin rani na fadama ba ƙaramin sharaɗi ba ne. A wanke da ruwa mai tsabta, a shanya, a kuma guji reshen da kashin tsuntsayen daji ya ɓata. Halin rashin tsaro da dazuzzukanmu ke ciki a shekarun nan kuwa bai bar wurin a aiki yaro nesa neman reshe ba. Na cikin gari da gonakin bakin gari sun wadatar.

Abu ɗaya da ake kuskure a kansa: kada a ba shi tsohon takalmi, tsohuwar tabarma, tsohon faifai ko matacciyar caja da sunan abin wasa. Bai san tsoho da sabo ba. Ka ba shi tsohon silifa yau, ka halatta masa na baƙon da zai zo gobe.

Abincin ma a daina miƙa masa a ɓare. A ba shi gyaɗa da ɓawonta, kuma kaɗan, a matsayin tukwici. A naɗe ta cikin ɓawon masara a ɗaure da kaba, ko a cusa ƙwayoyin dawa a cikin kara, ko a huda reshe mai taushi a ɓoye a ramukan. Abincin da a da yake cinyewa cikin ɗan lokaci sai ya ɗauke shi rabin hantsi. A riƙa sauya kayan bayan 'yan kwanaki, don yana gundura da abin da ya saba gani. Babban aku shi kuma akasin haka, tsoron sabon abu gare shi. A ajiye daga nesa inda zai riƙa hangowa, mai shi ya riƙa wasa da abin a gabansa, a matso da shi sannu a hankali. Wanda ya ga tsakar keji cike da tarkacen kara da yamma kada ransa ya ɓaci, alamar an yi yini mai kyau ke nan. Shara dai ta ƙaru, wannan babu makawa.

Wani akun bango yake ci. A kurmin Kamaru da Afirka ta Tsakiya an san garken babban aku na sauka ƙasa su ci laka, saboda haka ɗan gutsuren jar ƙasa daga katangar da ba ta da fenti ba abin tashin hankali ba ne. Siminti da fenti ne matsala. In abin ya yi yawa a duba abincinsa, don wannan iri yana yawan fama da ƙarancin sinadarin da ke gina ƙashi, har ya kai shi ga faɗuwa yana jijjiga. A dafa ɓawon ƙwai, a busar, a daka a barbaɗa masa a abinci. A haɗa da ganyen zogale, karas da kabewa. A kuma fitar da shi ya sha hantsi kai tsaye, ba ta bayan gilashi ba, kafin rana ta yi zafi.

Koyar da shi ba ya bukatar wata ƙwarewa, sai haƙuri da haɗin kan gida. A kafa masa gwafa a cikin bokitin yashi a inuwar tsakar gida, a rataye kayan gwaguyarsa a jiki, nan ne wurinsa in an fito da shi. In ya nufi abin da ba nasa ba, a ce masa "bari" da murya ɗaya ba tare da ihu ba, a miƙa masa sanda ya hau, a mayar da shi gwafarsa, a sa masa kara a baki. Da ya kama karan, nan take a yaba masa a ba shi tukwici. In aka jinkirta, bai san ladan mene ne ba. In ya riga ya cafke abu mai haɗari, kada a yi kokawa da shi, ƙara riƙewa zai yi ko ya haɗiye. A nuna masa abin da ya fi so, zai saki ya karɓa. Wahalar ita ce yara. In Baba ya hana, Yaya kuma ya miƙa masa murfin biro don a yi dariya, an koma gidan jiya. Kuma a ɗauke shi tamkar yaro mai rarrafe: ba a sakinsa a ɗaki a fita. Kafin a buɗe keji a kashe fanka, a rufe randa, a san inda kyanwa take, littattafan Malam da allunan yara kuma su hau inda ba ya zuwa.

Akwai lokacin da ɓarnar ke ninkuwa, wato in jikinsa ya motsa da neman sheƙa. Sai a ga yana kutsawa ƙarƙashin gado, bayan akwati ko cikin tukunya, yana gwaguyar duk abin da ya samu a can, yana kai cizo ga mai matsowa. A toshe irin waɗannan lunguna, a ƙara masa itace mai taushi, a daina shafa masa baya, kai kaɗai ya isa. A bar shi ya samu barcin awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu da shiru. Bayan 'yan makonni abin zai lafa.

Keji na kara ko na katako na kanari ne. Aku zai cinye shi ya fito. A je wurin mai walda a yi na rodi, mara fenti, mara wayar kaji, mai faɗin da zai buɗe fukafukai bai taɓa gefe ba. Sandunan zama su kasance rassa masu kauri daban-daban, da sanin cewa za a riƙa sauya su. Sakata ta zama daga waje inda baki ba ya kai, don ya iya buɗe ƙofa. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, kada a rataye shi dab da rufin kwano; a ba shi inuwa da ruwan wanka.

Wanda bai riga ya saya ba, ya tsaya ya yi lissafi, musamman kan mai jan bindi. A taron ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da aka yi a Johannesburg a 2016, an hana fataucin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, dokar ta fara aiki a Janairun 2017. Dalili kuwa, yana ƙarewa: bincike ya nuna Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na wannan tsuntsu daga 1992. Nijeriya ma tana da dokar kare irin waɗannan halittu tun 1985. Da yawan waɗanda ake kamowa daga daji a hanya suke mutuwa, wanda ya iso kuma a firgice yake isowa, shi ne mai gwaguyar keji da tsige gashi. Ni dai ba zan ba kowa shawarar sayensa ba. Malamai sun halatta ajiye tsuntsu a keji, suna kafa hujja da ƙanen Anas ɗan Malik da yake da ɗan tsuntsun wasa a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma da sharaɗin ba shi haƙƙinsa. Labarin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha kuwa sananne ne. A fahimtata, ga tsuntsun da bakinsa ke tsiro kullum, abin gwaguya yana cikin wannan haƙƙi.

In kuma tsautsayi ya faɗa, a san alamu. Tsuntsu gwanin ɓoye ciwo ne, saboda a daji mai rauni shi shaho ke fara ɗauka. Wanda ya haɗiye dalma ko zinki zai yi lakwas, ya hura gashi, ya riƙa amai, ya yawaita shan ruwa, kashinsa ya koma kore sosai ko ya fito da jini, ƙafafu su kasa riƙe sanda, wani lokaci ya faɗi yana shure-shure. Akun da aka tarar zaune a ƙasan keji, maganarsa ta yau ce, ba ta gobe ba. Kada a ɗura masa madara ko manja da ƙarfi, zai iya shaƙewa ya shiga huhu. In baki ne ya fashe yana jini, a danna garin masara ko fulawa a wurin a riƙe. A nemi likitan dabbobi mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsa, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Sakkwato. Hoto kan nuna gutsuren ƙarfe a ƙundu, kuma akwai allurar da ke kama gubar ta fitar da ita daga jini cikin 'yan kwanaki, in an kai shi da wuri. A tafi da ragowar abin da ya gwaguya, da takardar da ya yi kashi a kai, likita zai so ya gani. A ɗauke shi a ƙaramin keji da aka yafa wa zane mara kauri, a zaunar da shi gefen da rana ba ta duka a cikin mota. Kwali kam kada a yarda da shi, ko yana ciwo zai iya huda shi kafin a kai Sakkwato.